Gonar da Ta Ƙetare Gulbi

Na san kun ji labarin gonar gwaggonku Kulu ta baki fiye da ɗaya. Wasu sun ce muku na so in ƙwace ta in ba abokina Mamman, wasu kuma sun ce ni na ceto ta. Duka biyun ba haka ba ne. Ni na jefa gonar cikin rigima da bakina, ba da mugun nufi ba, kuma ba ni kaɗai na fito da ita ba. Tunda ido ya fara gajiya, gara in rubuta muku yadda aka yi tun ina iya riƙe biro.

Shekarar da na ajiye aiki ce. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina malamin gona, na kashe babur uku tsakanin Tursa da Maikujera da ƙauyukan da ke bayansu, ina koya wa mutane tazarar shuka da yadda ake zuba taki. Da na dawo ƙauyenmu na bakin gulbin Rima a ƙasar Wurno, sai na rasa wanda zan koya wa komai, na juya kan uwarku. Na gyara mata hura wuta, na gyara mata shanyar kuɓewa, har ranar da ta ajiye muciya ta dube ni.

"Malam, don Allah ka samu abin yi. Tun da ka aje aiki ko tukunya ba ta tahwasa sai ka ce ba haka nan aka yi ba."

Allah ya ji kukanta. Ba a yi wata guda ba aka aiko nemana daga Goronyo, wai wasu masana suna son tsohon malamin gona ya zauna da su. Bari in bayyana muku aikin, don har yau in na faɗa wa mutane sai su ɗauka ƙidayar gonaki ce. Masana ƙasa da ruwa suna da kundinsu: ina laka take, ina jigawa, ina gishiri ya fara hawa, ruwa ya kai gaba nawa a ƙarƙashi. Masu tarihi su ma suna da nasu: sunayen gonaki da fadamu, tsofaffin rijiyoyi, kufai, makabartu, da abin da dattawa suka faɗa a kansu. Kowa ya zuba nasa a kwamfuta, amma an kasa haɗa su, domin abin da wannan yake nufi in ya ce wuri ba shi wancan yake nufi ba. To aikinmu shi ne a zauna a tsayar da magana ɗaya kan ire-iren abubuwa, mene ne tafki, mene ne kufai, mene ne gona, da yadda kowanne yake rataye da ɗan'uwansa, ta yadda in ka taɓa wuri ɗaya a taswira awon ƙasarsa da tarihinsa za su fito tare. Babban cikinmu wani Dakta ne masanin ƙasa, mutum mai gaskiya da gajen haƙuri. Akwai malamin tarihi wanda ba ya gajiya da sauraro. Sai Malama Rabi, 'yar masuntan Goronyo da ta yi karatun kwamfuta mai zurfi, ita ce mai ɗinke maganganunmu ta mayar da su tsari. Mun kwana uku muna gardama a kan tafki kaɗai, ko wuri ne, ko ruwa ne, ko kuwa abin da ke zuwa da damina ya tafi da rani. Na ji daɗin zaman nan ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Ana kirana Baba, in na buɗe baki manyan masu digiri su ɗauki biro.

A rana ta huɗu Malama Rabi ta juyo wajena.

"Baba, in anka ce gona, mi aka nuhi?"

Ko numfashi ban ja ba. Na ce, "Gona hili na mai iyaka huɗu, wanda aka iya aunawa. In hilin ya tahi, gona ta tahi."

"Ba ta da wani hali ban da wanga?"

Na yi dariya. "Ɗiyata, shekara talatin ina awon gona. Rubuta."

Ta rubuta. A kan wannan amsar aka gina duk abin da ya shafi gonaki, daga Goronyo har Rabah.

Daga nan aka watsu. Malamin tarihi ya bi dattawa yana ɗaukar sunayen gonaki da tsofaffin iyakokinsu, masu awo kuma suka bi fadama da na'urarsu. A ƙauyenmu dattawa sun gaya masa gaskiya, cewa gonar da ake kira Ta Bakin Marke ta mahaifinmu ce, Kulu ta gada, kuma asalinta tana tsakanin wani itacen marke da tsohuwar mashaya. Masu awo su ma gaskiya suka rubuta, cewa tsakanin inda marken ya taɓa tsayawa da mashayar yanzu tsakiyar gulbi ne. Kowane kundi shi kaɗai ba ya cutar da kowa. Da aka haɗa su a kan amsar da na bayar, sai kwamfuta ta yanke cewa Ta Bakin Marke ruwa ya ci, babu ita. Filin da Kulu take nomawa a ƙetare kuwa, aka rubuta a kansa: sabuwar ƙasa da gulbi ya bari, ba suna, ba tarihi. An kawo mini takardun ƙauyenmu in duba, tuli guda. Na duba na sama, na ga sun yi kyau, na sa hannu a kan duka. Aka kai su zauren Maigari aka manna, da kyakkyawar niyya, don mutane su gani su gyara.

Mamman ne ya fara gani. Kada ku zage shi. Tare muka yi wasan ƙasa, tare aka yi mana kaciya, kuma mutum ne mai 'ya'ya maza da yawa da gona 'yar ƙarama, tana manne da ta Kulu. Ya sa aka karanta masa, ya tafi wajen Maigari ya ce ga ƙasa ba mai ita a jikin gonarsa, ga kuma hannun ƙanin Kulu a ƙasan takarda. Maigarin namu bai daɗe da gadon mahaifinsa ba, ba a ma haife shi ba lokacin da gulbin ya sauya hanya. Ya ce kada kowa ya shiga filin sai an zauna. Wannan kuwa ƙarshen damina ne, ruwa ya janye daga fadama, Kulu da 'ya'yanta sun riga sun yafa irin albasa ya tsiro, saura 'yan makonni a yi dashe. Mijinta ya rasu da daɗewa. Albasar nan ita ce cinsu, ita ce suturarsu har wata damina.

Da hantsi ta zo, da ƙafa, ba ta tsaya gaisawa da uwarku yadda ta saba ba. Kun san ita ba ta taɓa kirana Umaru ba, sai Sanda.

"Sanda, zamna. Mi anka rubuta ga takardag ga da kas sa ma hannu?"

Na fara yi mata bayani irin na ofis, cewa ai ba takardar mallaka ba ce, bincike ne kawai, kuma in an bi awo asalin gonar baba tana cikin ruwa.

"Ran da gulbi yac ci gonab baba, kana ina?"

"Ina makaranta, Yaya."

"Kana makaranta. To ni ina nan, ni ad da tulun ruwa. Saurara."

Ta gaya mini abin da ban taɓa ji ba, ni da furfura ta cika mini gemu. A wajenmu, in gulbi ya fara cin gaɓa, mai gona ba ya jira ta gama faɗawa ruwa. Yakan kira dattawa su zo da igiya su auna abin da ruwa yake ci. Sannan a tono tushen gamba, ciyawar nan da ake dasawa a kan iyaka, daga kusurwa huɗu, a kai gida a riƙa ba ta ruwa. Gulbi in ya ci nan, can yake amayarwa. Idan ƙasa ta fito a ƙetare ta yi ƙarfi, sai dattawan nan su sake taruwa da igiyarsu, a auna wa mutum daidai abin da ya rasa, a dasa gambar nan tasa a sababbin kusurwoyi, a yi addu'a. Daga ranar gonar ta ƙetare, da sunanta da gadonta da komai. Ba wanda zai kira ta sabuwa. Shekara biyu mahaifinmu ya yi yana renon gamba a bayan rumbu, kuma Kulu ce take ɗebo mata ruwa safe da yamma. Ni da na dawo hutu na tarar ana shiga jirgi a tafi gona, sai na ɗauka baba wata ya samu. Ban tambaya ba. Ɗan makarantar kwana ne ni, ina ganin babu abin da za a gaya mini a gidan nan.

"Marke ya hwaɗa ruwa tun kana da wandon makaranta," in ji ta, "amma har yau Ta Bakin Marke muka ce mata. Kai ba ka taɓa tambayak kanka don mi ba?"

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har na kasa ɗaga kai in dubi uwarku da ke tsaye bakin madafa tana ji.

Washegari na hau babur zuwa Marnona, na shiga mota sai Goronyo. Niyyata a gyara layin Kulu a ɓoye, a sake buga takarda, magana ta mutu. Dakta ma da ya ji, abin da ya ce ke nan, a gyara nata ɗin kawai a wuce, lokaci ya ƙure. Da ya fita, na roƙi Malama Rabi ta gyara mini, sai ta ce:

"Baba, ina iya gyara shi yanzun ga, ba shi kai minti biyu. Amma gobe cewa za a yi ƙane nata yas sa anka canza. Kuma gona nawa sunka ƙetare gulbin ga, daga nan har ƙasakku? Kowace haka kwamhuta za ta kashe ta. Ɓarnar ga tushe take, kuma kai kab ba mu tushen. Ni in na hwaɗi, Dakta cewa zai yi ban san gona ba. Sai kai."

Na gane abin da take nema. In tashi a gaban mutanen da suke ɗaukar biro in na yi magana, in ce na yi shekara talatin ban san mece ce gona ba. Akwai kuma wani abu da ya fi wannan ci mini rai. An riga an yi mini alkawarin sashe na gaba, na tattara tsofaffin irin gero da dawa da wake da sunayensu, a haɗa da gwajin masana, ni zan jagoranta. Wannan shi ne burina tun ina aiki. Na san in aka koma gyaran gonaki daga tushe, watannin da aka ware masa su za a cinye.

Na dawo gida ina ta kai da kawowa a tsakar gida. Uwarku tana tsince wake, ba ta ko ɗago ba.

"Malam, mi kaka jira? In kunya ta, ka sha ta. Yaya Kulu ta goye ka."

Ranar taronmu a Goronyo na miƙe na faɗa. Na faɗi amsar da na bayar, na faɗi abin da ta jawo, na ba da labarin igiya da gamba kamar yadda Kulu ta ba ni. Dakta ya buga tebur. Ya ce aikin wata biyar na rushe, kuma shi ƙasa yake aunawa, ƙasa kuwa ba ta iyo. Gaskiyarsa ce, ban yi musu ba. Malamin tarihi ya ce shi kuma gona yake bi, kuma ga shi an ce tana ƙetarewa. Aka yi ta yi har azahar. Bayan salla Malama Rabi ta tashi ta zana abu uku a allo. Ga fili, shi ba ya motsi, a rataya masa duk awon Dakta. Ga gona, mai suna da magada da tarihi, ita tana iya barin wani fili ta zauna a wani. Ga kuma ƙetarewa a tsakaninsu, a rubuta ta a matsayin abin da ya faru: yaushe, daga ina zuwa ina, su wa suka shaida. Dakta ya daɗe yana kallon allon. Ya ce in dai ba za a taɓa masa awonsa ba, ya yarda. Bai sake kirana Baba ba har aka gama aikin, sai Malam Umaru, kuma ban ga laifinsa ba.

Malama Rabi ba ta tsaya ga abin da na faɗa ba, ta ga dai inda maganata ta kai mu. Ta zo ƙauyenmu da kanta, ta kwana biyu tana zama a tabarmar Kulu. Idan ƙasar da ta fito ba ta kai wadda aka rasa ba fa? Idan mutum ya mutu kafin ta fito? Idan gambar ta bushe a gida? Kulu tana ba ta amsa tana ɓare gyaɗa, tana hararata ta gefen ido.

"Ka gani, Sanda? Wagga ta hi ka karatu, kuma tambaya taka yi."

Sai da aka yi kusan wata biyu kafin gyararriyar takarda ta fito, aka kuma samo wani tsoho, Malam Garba, wanda shi ya riƙe bakin igiya ranar da gonar ta ƙetare, yana zaune wajen 'yarsa a Rabah. A zauren Maigari na sake shan kunyar a gaban mutanen garinmu, wadda ta fi ta Goronyo ɗaci. Na ce ranka shi daɗe, kuskuren nawa ne, na sa hannu a kan abin da ban karanta ba, na kuma faɗi abin da ban sani ba. Malam Garba ya lissafa waɗanda suka halarta, duk sun rasu sai shi. Aka shiga jirgi aka ƙetara, ya nuna kusurwoyi huɗu da sandarsa. Maigari ya ce gona ta Kulu ce. Mamman bai ja ba.

"Ni takarda nib bi," in ji shi, "kuma hannun Umaru nig gani."

Daga ranar tsakanina da shi sai gaisuwa. Na yi rashin aboki, kuma har ya rasu ban daina jin abin a raina ba. Sashen iri ma haka aka rufe aikin ba a taɓa shi ba. Tsofaffin da suka san sunayen nan da yawansu yanzu ba su. Amma an sake bin fadama tun daga Goronyo, kuma gonakin da aka tarar sun ƙetare ba ɗaya ba ne, ba biyu ba, duk an mayar musu da sunayensu kafin wata rigimar ta tashi. Ina gode wa Malama Rabi da ta ƙi yi mini abin da na roƙa. Ina gode wa uwarku. Ina gode wa Dakta ma, da ya bi gaskiya yana huci.

Kulu ce ta biya mafi tsada. Kafin a yanke magana irin albasarta ya tsufa a wurin reno, ya yi kauri ya wuce dashe. Abin da suka dasa a makare bai yi kai ba. Wannan ranin 'ya'yanta ƙwadago suka yi a gonakin mutane, har da ta Mamman. Na aika da hatsi, ta karɓa don jikoki, amma ba ta aiko da ko sannu ba. Na yi kusan wata uku ina kewaye ƙofar gidanta kamar ɓarawon kaza. Ran nan dai bayan sallar Juma'a na shiga. Na same ta a gindin bedi, wato darbejiya, tana kaɗi. Na tsuguna, da furfurata da komai, na ce Yaya ki yafe mini, na ja miki asarar shekara.

Ta ci gaba da murza mazari, ba ta dube ni ba.

"Albasa na yahe maka tun ran da kat tashi gaban Maigari. Albasa mi ta? Baɗi a dasa wata. Abin da yat tsaya min ga rai, Sanda, shekara talatin kana yawo bisa babur kana koya ma mutane noma, kana wucewa ta ƙohwag ga, ba ka taɓa zamnawa ka ce Yaya, ƙaƙa baba ka yin kaza ba. Ko sau guda. Sai da baƙuwa taz zaka tat tambaye ni."

Muryarta ta karye a ƙarshen maganar. Ni ma hawaye suka zubo mini, ban share ba. Na gyara zama a ƙasa, na ce to Yaya, yaya baba yake sanin ruwa ya gama janyewa a shiga fadama? Ta yi tsaki, ta ce ji wata tambaya sai ka ce ɗan yaye. Sannan ta tura mini tabarma da ƙafa ta fara.

Daga wannan makon kowace Juma'a can nake wuni. Shekara huɗu Allah ya ba mu kafin ya karɓi abinsa, kuma na gode masa da bai ɗauke ta kafin na tsuguna ba. Duk abin da kuka karanta a babin baya game da kakanku, yadda yake zaɓen iri, yadda yake magana, abin da yake ba shi dariya, ba ni na san shi ba. A gindin bedin nan na ji shi, daga bakin gwaggonku.